Na kwafi zanen uwa da 'ya da fentin mai, fuskar yarinyar ta fito kamar ta tsohuwa. A ina na kuskure?

Yar_Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na ajiye fensir da gawayi na koma fentin mai. Burina in iya zana fuskar mutum, shi ya sa na ce bari in koya ta hanyar kwafar aikin waɗanda suka riga mu. Na ɗauki zanen Mary Cassatt na 1893, wanda yake gidan adana zane-zane na Shikago, na matar da ta ɗora yarinya a cinya tana wanke mata ƙafa a tasa. Sati uku ina kansa. Rigar matar mai ratsi-ratsi ta fito, butar da ke gefe ta fito, har dardumar ƙasa ta fito. Mutanen biyu ne suka ƙi. Fuskar yarinyar kamar ta tsohuwar da aka rage wa girma, fatar kuma duk inda na taɓa sai ta koma kalar laka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a zanen asali da ka kalla ka san yarinyar nan ta saki jiki da matar. A nawa kamar an ɗauko mutum biyu da ba su san juna ba an jera su. Don Allah masu sani, a ina na kuskure? Kuma ita kanta kwafar hanyar koyo ce, ko ɓata lokaci nake yi?

Malam_Inuwa:
Wa alaikumus salam. Zancen tsufan fuska mai sauƙi ne, kuma kusan kowa ya faɗa ramin nan. Kin zana yarinya da ma'aunin babba. A fuskar babba idanu suna tsakiyar kai ne, rabi sama rabi ƙasa. A fuskar ƙaramin yaro suna ƙasa da tsakiya, don goshi da ƙoƙon kai sun cinye wuri. Ido da hanci da baki duk sun taru a ƙasa kusa da juna, haɓa ƙarama, karan hanci bai taso ba, wuya da ƙyar ake ganinsa. Jariri sabon haihuwa kansa kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawon jikinsa, babba kuwa kusan ɗaya cikin bakwai da rabi. Ki ɗauko abin awo ki gwada naki da na asali, za ki tarar kin ɗaga idanun sama kin kuma tsawaita haɓa. Sannan duk wani layi mai kaifi da kika ja daga gefen hanci zuwa baki, ko a ƙarƙashin ido, shekara ashirin kika ƙara mata.

Gawayi77:
Ni dai gaskiya ban yarda da kwafa ba. Cassatt ta riga ta yi duk tunanin: ina haske zai faɗo, me za a bari, me za a cire. Ke kawai kina bin sawu ne. Ranar da aka zaunar miki da mutum mai rai a gabanki ba za ki san inda za ki fara ba. Ki samu madubi ki zana fuskarki sau ashirin, ya fi miki kwafa ɗari.

Anti_Zulai:
Gawayi77, ai ita wadda ake kwafar ma da kwafa ta koya. Cassatt ta zauna a Louvre, babban gidan adana zane-zane na birnin Faris, tana kwafa, daga baya har aikin kwafar zanen Correggio, wani tsohon mai zanen Italiya, aka ba ta a Parma ta Italiya. Berthe Morisot, mai zane 'yar Faransa, ita ma a Louvre ɗin ta koya. Sargent, Ba'amurke mai zanen fuskoki, ya je Madrid a 1879 ya kwafi Velázquez, fitaccen mai zanen Sifen. Waɗannan duk ba makafin bin sawu suka zama ba. Har yau ana ba masu koyo izini su kafa allonsu a Louvre su kwafa, da sharaɗin girman kwafin ya bambanta da na asali. Matsalar ba kwafa ba ce, yadda ake yin ta ne.

Gawayi77:
Anti, su suna tsaye gaban zanen na gaske, suna ganin kaurin fenti da sawun burushi. Ita a allon waya take kallo. Ba ɗaya ba ne.

Anti_Zulai:
Wannan kam ka yi gaskiya, na ba ka. Allon waya yana fitar da haske daga cikinsa, fenti kuwa hasken ɗaki yake mayarwa, don haka idan ka biye wa waya ba za ka taɓa kamo farinta ba. Amma akwai mafita. Gidajen adana zane da yawa sun saka hotunan ayyukansu masu girma a intanet, ana iya buɗe su har a ga sawun burushi. Ta buga shi a takarda daidai girman ƙyallen da take aiki a kai, ta manna kusa da shi, haske ɗaya ya faɗa a kan duka biyun.

Baffa_Mai_Burushi:
Bari in yi magana a kan laka, tunda ita ce ciwon kowa. 'Yata, amsa mini: kala nawa kike haɗawa kafin ki samu kalar fata? Kuma idan kina son duhu baƙi kike ƙarawa, idan kina son haske fari?

Yar_Koyo:
Haka ne Baffa. Akwatin da na saya kala goma sha takwas ne a ciki, nakan ɗan taɓa wannan in taɓa wancan har in ga ya yi kama. Kuma idan na shafa bai yi ba, a kan ƙyallen nake gyarawa.

Baffa_Mai_Burushi:
To ga lakar nan. Abu uku ne suka haɗu. Kala ta wuce uku ko huɗu a gauraye ɗaya, kowace tana kashe 'yar'uwarta. Kina kuma ta goga burushi a kan ɗanyen fenti, sai hasken ya shiga inuwa, inuwar ta shiga haske. Sannan na tabbata burushi ɗaya kike yi wa duka aiki. Ki rufe akwatin nan ki ɗauki huɗu kawai: fari, rawayar ƙasa wadda ake kira oka, ja mai haske irin kadmiyom, da baƙi. Ana jingina wannan haɗin ga Anders Zorn, mai zane ɗan Suwidin da ya rasu a 1920. Baƙin nan idan aka haɗa shi da fari toka ce mai sanyi, kusa da ja da rawaya sai ido ya gan ta kamar shuɗi. Idan ya haɗu da oka kuma kore ne marar ƙarfi. Ki haɗa kalar fata mataki biyar da wuƙa a kan allon haɗawa tun kafin ki taɓa ƙyalle, daga mafi haske zuwa mafi duhu. Burushi biyu, ɗaya na haske ɗaya na inuwa, kada su haɗu. Ki ɗora fenti ki ɗauke hannu. Idan bai yi ba, wuƙa za ki sa ki kankare, ba ƙari za ki yi a kai ba. Sargent kansa an san shi da kankare fuska gaba ɗaya ya sake ta daga farko, sau da yawa a zane ɗaya.

Abu na ƙarshe: sau da yawa abin da muke kira laka kala ce mai kyau da aka sa a wurin da ba nata ba. Duhunta ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

DanAuta_92:
Baffa Allah ya saka. Ni shekara biyu ina wannan kuskuren na baƙi da fari.

Malam_Inuwa:
Ƙaramin gyara ga Baffa, da girmamawa. Kala huɗun Zorn za su koya mata fata, amma ba za su ba ta zanen Cassatt ba. A ƙafafun yarinyar akwai shuɗi-shuɗi da ruwan hoda masu sanyi, a rigar akwai kore. Dole ta ƙara shuɗin altramarin aƙalla idan za ta yi zanen gaba ɗaya.

Baffa_Mai_Burushi:
Na yarda Malam. Amma ni ba na son ta yi zanen gaba ɗaya yanzu. Ta yi kawunan biyu kaɗai.

Sadiya_Zane:
Kowa ya yi maganar ma'auni da kala, ba wanda ya taɓa abin da ta ce ya fi damunta. Ni uwa ce, kuma sai da na haihu na gane abin da ke cikin zanen nan. 'Yar'uwa, koma ki kalle shi, ki manta da fuskoki. Ai fuskokin ma duk ƙasa suke kallo, ba wadda ta kalle mu. Dubi hannun matar da ya zagaye cikin yarinyar, dubi ɗayan hannun da ya riƙe ƙafa a cikin ruwa. Dubi hannun yarinyar da ta dafa gwiwar matar da shi. Wannan dafawar ta yaron da yake ɗan tsoron ya zame ne, amma ya san ba za a sake shi ba. Sannan kawunan biyu sun haɗu, gashin wannan ya shiga na wancan, da ƙyar za ki ce ga inda ɗaya ya ƙare. Ina kyautata zaton ke kin zana matar kin gama, kin zagaye ta da layi, sannan kika zana yarinyar kika zagaye ta da nata layin. Layin nan shi ya raba su. Duk inda jiki ya taɓa jiki, ki bar iyakar ta ɓace, ki sa inuwa mai ɗumi siririya a wurin. Kuma yaro yana da nauyi. Inda ya zauna riga tana lotsawa, inda yatsa ya dafa fata tana shiga ciki. Idan babu lotsawar nan yaron shawagi yake yi a sama, ba a cinyar kowa yake ba.

Yar_Koyo:
Yaya Sadiya wallahi kamar kina ɗakin lokacin da nake yi. Haka na yi, matar daban, yarinyar daban. Yanzu na duba, layin ruwan ƙasa ne na ja tsakanin kawunansu.

Anti_Zulai:
Abin lura, Cassatt ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Da ido da zama da iyaye mata da 'ya'yansu ta ga wannan duka. Don haka kada wanda bai haihu ba ya ce ba zai iya ba.

Kawu_Sale:
Ni tambayata daban. Me ya sa kika fara da wannan zanen? An ɗauke shi daga sama ne, kamar mai zanen tana tsaye a kansu. A 1890 an yi babban baje kolin zane-zanen Japan a Faris, ya shige ta sosai, daga nan ta ɗauko wannan kallo daga sama da yawan ado a riga da darduma. Fuskar da ta sunkuya ita ce mafi wuya ga mai koyo, goshi ya yi girma, hanci ya rufe baki, haɓa ta ɓace. Da ni ne da na fara da na Vigée Le Brun, mai zane 'yar Faransa, na 1789, inda ta zana kanta 'yarta Julie ta rungume mata wuya. Fuskokin biyu suna kallon mu, bayan zanen fili ne babu tarkace, haske daga gefe ɗaya. Ko na Morisot na 1872, 'yar'uwarta Edma tana kallon jaririyarta a gadon jarirai, hannun uwar a lanƙwashe ta tallafe kunci, hannun jaririyar ma a lanƙwashe. Shi ma ba cunkoso.

Sadiya_Zane:
Kawu, na Morisot akwai labule shara-shara a kan fuskar jaririyar. Wannan ai wani karatun ne mai zaman kansa. Na Vigée Le Brun ɗin dai na yarda.

Gawayi77:
Kun ga abin da nake faɗa? Yaya Sadiya ba a zanen Cassatt ta koyi lotsawar riga ba, a jikin ɗanta ta koya. Daga rayuwa ake samo shi.

Malam_Inuwa:
Ta gani a jikin ɗanta, amma yadda ake mayar da shi fenti fa? Miliyoyin iyaye mata suna ganin haka kullum, ba su iya zana shi ba. Kuma ka taɓa gwada zaunar da yaro ɗan shekara biyu minti biyar?

Gawayi77:
Na gwada. Sai yana barci nake zana shi da gawayi. Amma zane goma na minti biyu-biyu sun fi koya mini fiye da wata guda a kan hoto.

Ummu_Hanan:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni burina in zana ƙanwata da jaririnta, kuma mu baƙaƙe ne. Duk waɗannan da kuke ambata farar fata ce. Idan na ɓata watanni ina koyon haɗa ruwan hoda, me zai amfane ni?

Baffa_Mai_Burushi:
Tambaya mai kyau. Ma'auni, iyakoki da tsarin haske da inuwa duk ɗaya ne, za su bi ki. Kala ce za ta canza. Kuma akwai magabatan da za ki kwafa. Ki nemi zanen da Velázquez ya yi wa Juan de Pareja, mataimakinsa mai duhun fata, a Rum a 1650, yana gidan Metropolitan a Niyok. Ki nemi na Marie-Guillemine Benoist na 1800 da ke Louvre, na baƙar mace sanye da farin ɗankwali. Babban kuskure shi ne a ɗauki ruwan ƙasa a ƙara fari don haske, a ƙara baƙi don inuwa. Fuska sai ta fito kamar an shafa mata toka. Baƙar fata tana da ja da ruwan lemo a ƙarƙashi, ki gina ta da ƙonanniyar siyana (ruwan ƙasa mai ja-ja) da ƙonanniyar amba (ruwan ƙasa mai duhu). Inuwa ki yi ta da altramarin da siyana, ya fi baƙin da ake sayowa a tiyub rai. Sannan tana ɗaukar hasken abin da ke kewaye da ita fiye da farar fata: ƙyallin goshi da kunci sau da yawa shuɗi-shuɗi ne ko ruwan toka mai sanyi, musamman kusa da taga. Jariri kuma sau da yawa ya fi uwarsa haske a watannin farko, tafin hannu da na ƙafa sun fi ja. Kada ki yi musu gauraye ɗaya.

Ummu_Hanan:
Na gode Baffa. Na ga na Benoist ɗin yanzu. Kafaɗarta kaɗai ta isa darasi.

DanAuta_92:
Tunda ana maganar kankarewa da sake shafi, ni nawa ba ya bushewa da wuri. Nakan kunna masa fanka ko in sa shi a rana ruwan ya fita.

Malam_Inuwa:
Babu ruwan da zai fita, ɗan'uwa. Man linsid, wato man da ake haɗa fentin da shi, ba ƙafewa yake yi ba, iskar oksijin yake sha ya daskare a hankali. Shi ya sa sama kan bushe ciki na ɗanye. Ɗumi da haske da iska mai zagayawa suna taimakawa, amma fanka ƙura za ta manna maka, rana mai zafi kuma tana iya sa saman ya yamutse. Kowace kala da saurinta: amba tana bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu saboda sinadarin manganis da ke cikinta, kadmiyom da baƙi kuwa suna ɗaukar kwanaki. Ka'idar da ba a karyawa ita ce shafin ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, kowane shafi na sama ya fi na ƙasansa mai. Idan ka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, sai ya tsattsage. Banish na ƙarshe kuma, wato shafin kariya da ake yi wa zanen da aka gama, a al'ada sai bayan wata shida zuwa shekara.

Maman_Twins:
Don Allah masu yara a gida ku kula. Tafentin da sauran ruwan wanke burushi tururinsu yana cutarwa a ɗaki rufe. Ni ina da ciki na daina amfani da su kwata-kwata, da mai nake goge burushi sannan in wanke da sabulu. Farin dalma guba ne, kadmiyom ma ba a wasa da shi, kada a ci abinci da hannun fenti, kada a goge busasshensa ƙurar ta tashi. Kuma tsumman da ya jiƙe da man linsid idan aka dunƙule shi aka jefa a kwando yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a nutsar da shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Kawu_Sale:
Wannan na tsumma gaskiya ne, ba tsoratarwa ba ce.

Anti_Zulai:
Mu dawo kan mai tambaya. 'Yar'uwa, akwai abin da kika faɗa tun farko da ba wanda ya ɗauka: kin ce riga da buta da darduma sun fito. Wato kin gama su tsaf kafin mutanen. Kin fara da ado ke nan. Kuma na tabbata a kan farin ƙyalle kika fara. A kan fari kowace kala duhu take yi wa ido, sai ki yi ta ƙara fari a fata har ta koma alli. Ki shafe ƙyallen da amba siririya ya zama ruwan ƙasa mai haske, ki zana duka da kala ɗaya tak, haske da duhu kawai, ki lumshe ido ki kwatanta da na asali. A wannan matakin matar da yarinyar dunƙule ɗaya ne, siffa ɗaya. Idan ba su zama uwa da 'ya a kala ɗaya ba, kala goma sha takwas ba za su haɗa su ba. Leonardo da Vinci ya bar wani babban zane bai gama ba a Fulorans wajen 1481, yana gidan Uffizi, ki duba shi ki ga yadda ƙarƙashin zane yake kafin kala ta hau.

Yar_Koyo:
Na dawo bayan kwana tara. Ban taɓa tsohon zanen ba, na jingine shi. Na ɗauki ƙaramin ƙyalle na yi kawunan biyu da hannuwa kaɗai da amba da fari, yadda Baffa da Anti suka ce. Na auna, Malam ya yi gaskiya, na ɗaga idanun da kusan faɗin yatsa. Na goge layin da ke tsakanin kawunan, kuma wallahi a take suka zama na juna, sai da na zauna na daɗe ina kallo. Yarinyar ta daina tsufa. Amma yanzu matar ce ta zama kamar 'yar shekara goma sha biyu, don na tausasa komai har ƙashin fuskarta ya ɓace. Kuma hannun da ya zagaye cikin yarinyar har yanzu kamar safar hannu yake. Gawayi77, na kuma gwada taka: na zana maƙwabciyata tana shayar da ɗanta, minti uku-uku. Ba su yi kyau ba, amma na ga yadda kafaɗarta take saukowa ta ɓangaren da yaron yake, abin da ban taɓa lura da shi a zanen ba sai da na koma na duba.

Gawayi77:
To kin gani. Ci gaba da na maƙwabciyar, ki bar Cassatt ta huta.

Baffa_Mai_Burushi:
A'a, kada ta bar ta. Ta yi wata kwafar, wannan karon da kala.

Sadiya_Zane:
Zancen hannu: kada ki zana yatsu biyar ɗaya bayan ɗaya. Ki fara da bayan hannun a matsayin fili ɗaya mai kusurwa, yatsun kuma dunƙule ɗaya, sai daga ƙarshe ki raba su da inuwa biyu ko uku. Ki kula da wuyan hannu, nan ƙarfin riƙon yake. Fuskar matar kuma ki mayar mata da kaifi a wuri uku kawai: ƙashin gira, karan hanci, da gefen muƙamuƙi. Yarinyar ki bar ta yadda take. Ki ɗora mana hoton hannun kusa-kusa mu gani kafin ki sa kala.